Amsa ga mai son koyon gyaran AC da firij

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka gama sakandare kana son shiga gyaran AC da firij da ɗakunan sanyi, har ka ambaci ɓangaren ɗumama ɗaki, kana tambaya ko sai ka je makaranta, ko zama wajen oga ya isa. Na daɗe ina cin abinci da wannan sana'a, kuma ina ba ka goyon baya ka shige ta. Amma akwai abin da nake so ka riƙe tun kafin ka fara.

Ka koyi wuta sosai. Mutane na ɗauka aikinmu ɗura gas ne, alhali a abin da na gani, yawancin kiran da ake mana matsalar lantarki ce: kapasita (abin da ke tara caji ya taimaka wa injin tashi) ta mutu, waya ta saki, fanka ta tsaya, ko allon inbata (allon lantarki mai sarrafa gudun injin) ya samu matsala. Wanda bai iya karanta mita mai auna wuta da zanen wayoyi ba, canke kawai zai riƙa yi, ya canza wannan ya canza wancan da kuɗin mai kaya.

Na biyu, gas ba ya ƙarewa. Zagaye yake yi a rufaffen bututu: kwampireso, wato injin da ke tura gas ɗin, ya matsa shi ya yi zafi, ya zubar da zafin a waje ya koma ruwa, ya bi ta siririn bututu ƙarfinsa ya faɗi, sannan ya tafasa a ciki yana kwashe zafin ɗaki. Don haka idan ya ragu, yoyo ake yi. Duba mahaɗar bututun jan ƙarfe, wurin da noti ya kama. In ka ga maiƙo ƙura ta manne masa, shafa kumfar sabulu ka jira, za ka ga ƙwayar kumfa tana kumbura a hankali. Nan ne aikin yake. Wanda ya ƙara gas ya tafi bai toshe nan ba, ya yi ɗiban ruwa da kwando ne, kuma abin yana min ciwo, don irinsu ne suka sa ake zargin kowa a cikinmu.

Bayan walda, ana gwada bututu da naitirojin. Kada ka kuskura ka gwada da oksijin, in ya haɗu da man kwampireso fashewa yake yi, rai ake rasawa. Daga nan a sa injin zuƙe iska har ya kai maikuron 500 (ma'aunin iskar da ta rage a bututu) ko ƙasa da haka, domin danshin da ya rage a ciki yana daskarewa ya toshe siririn bututu, ko ya zama asid ya cinye kwampireso. Sannan a auna gas da sikeli daidai da abin da aka rubuta a jikin na'urar.

To a nan makaranta take da amfani. Gas ɗin kansa canzawa yake yi. R22 da yawancin manya suka koya da shi ana janye shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya, gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 kuma ya sa ana rage irin su R410A da R134a. Waɗanda ke shigowa, R600a na firij da R290, suna kama wuta, R32 ma yana kamawa ko da bai kai su ba. Hannu kaɗai ba zai sanar da kai wannan ba. Shawarata ka haɗa biyun: ka zauna wajen oga, ka kuma nemi kwas mai takardar shaida. A Amurka sai da shaidar EPA 608 ta hukumar kare muhallinsu ake aikin gas, ƙasashen Tarayyar Turai ma suna da tasu. Ɓangaren ɗumama ɗaki da ka ambata, in na'urar famfon zafi ce, wato AC mai iya ɗumama ɗaki, wannan zagayen ne dai, bawul ne kawai yake juya hanyar gas.

Wahala kam akwai ta. Hawa tsani, ɗaukar nauyi, aiki cikin zafi. Kapasita tana riƙe caji ko bayan an kashe wuta, ruwan gas kuma yana ƙona fata saboda tsananin sanyi. In ka kai ga ɗakunan sanyi, inda allurar rigakafi ke son digiri 2 zuwa 8, daskararren kaya kuma 18 ƙasa da sifili, za a tashe ka da tsakar dare kuma dole ka fita.

Wajen zaɓen oga, kada yawan kwastomominsa ya ruɗe ka. Ka bi shi aiki ka gani ko yana ɗaukar injin zuƙe iska da sikeli, ko kuwa tulun gas kaɗai yake ɗauka. Ka tambaye shi dalilin abu, ka ga ko zai yi maka bayani. Kayan aikin da za ka fara mallaka su ne mita mai auna wuta da geji mai auna ƙarfin gas, sauran suna zuwa a hankali. Allah Ya haɗa ka da oga nagari.