Sunaye 140 a littafi, kuɗin mutum 60 a hannu: su wa za mu ƙirga a ƙungiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce magajiyar wata ƙungiyar mata masu sayar da hatsi a nan Kumasi, yawancinmu muna zaune ne a Aboabo da Asawase. Sunaye 140 ne a littafinmu, kuɗin wata sidi 20 kowace mace, amma abin da ke shigowa ba ya cika wuce sidi 1,200. Yanzu muna so mu haɗa kuɗi mu riƙa saro masara mota guda daga Techiman, maimakon kowa ta sayi buhu biyu ko uku a hannun dillalai. A taro kowa ta ce ta yarda, amma ni gabana yana faɗuwa. Yaya zan gane masu yi da gaske da waɗanda sunansu ne kawai ya rage, ba tare da na ɓata wa kowa rai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a wannan jagoranci. Faɗuwar gaban nan taki tana kan hanya, kada ki bari a lallashe ki ki yi watsi da ita.

Mu fara da lissafin da kika kawo. Sidi 1,200 a kan sidi 20, biyan mutum 60 ke nan. Sai dai wannan bai nuna cewa kina da mata 60 tsayayyu ba. Zai yiwu 40 ne ba sa fashi, sauran gurbi 20 ɗin kuwa wasu mata 50 ne ke cika shi, wannan ta biya a watan nan, waccan ta biya a na gaba. Jimillar kuɗin ɗaya ce, amma ƙungiyar ba ɗaya ba ce, kuma a kan wannan bambanci ne motar Techiman za ta tashi ko ta kwana.

Ba ke kaɗai ke fama da wannan ba. Babban Bankin Ghana, idan zai faɗi yawan asusun kuɗin waya irin su MoMo, adadi biyu yake fitarwa: waɗanda aka yi wa rajista, da waɗanda aka yi hulɗa da su ko sau ɗaya cikin kwana 90 da suka wuce. Na biyun bai kai rabin na farko ba. Dokar bankuna ta 2016 ma ta ce asusun da ya shekara biyu mai shi bai taɓa shi ba, a ware shi a matsayin wanda ya kwanta. Abin da nake so ki ɗauka daga wurinsu shi ne, sun zaɓi aiki guda da za a iya gani, sun kuma yanke masa wa'adi. Ba su tsaya tambayar kowa ko yana tare da su ba.

To ku zauna ku uku, ke da sakatariya da ma'aji, a gida, ba a gaban taro ba. Ku ɗauki takarda sabuwa, ku jera sunayen duka, ku bi wata ukun da suka wuce. Da kanta takardar za ta raba muku mutane: masu biya duk wata, masu biya suna tsallakewa, da waɗanda ko kwabo ba su kawo ba. Daga nan ku koma baya shekara guda, domin sana'ar hatsi tana da lokacinta, macen da ta yi sanyi kafin sabuwar masara ta shigo tana iya zama cikin na gaba-gaba da kaka.

Abin da yawancin ƙungiyoyi ke sakaci da shi ita ce ranar biya. Sakatariya takan sa alama kawai cewa wance ta biya, shi ke nan. Ni kuwa a wurina ranar ta fi alamar magana. Akwai wadda ke aiko da kuɗinta farkon wata ba wanda ya tuna mata. Akwai wadda sai an bi ta rumfa sau uku. Akwai kuma wadda za ta yi shiru wata biyar, sai ana saura mako guda rabon kayan Sallah, ko bikin 'yarta ya matso, ta zo ta biya bashin gaba ɗaya. A ƙarshen shekara littafi zai nuna su ukun sun biya daidai. Ta ukun ba ta ci haƙƙin kowa ba, amma ba da ita za ki yi lissafin mota ba, don ranar da direba ke jira a Techiman ba za a ce masa ya dawo bayan wata biyar ba.

Kada ki auna mutane da yawan maganarsu a taro. Zuwa taron ma kansa ma'auni ne mai rauni. Macen da ba ta da mai tsare mata rumfa ba za ta rufe ta bar ciniki ba, amma kuɗinta na iso ki ta waya kan lokaci, kuma irinta ce ginshiƙin ƙungiya ko da ba a san muryarta ba. In kuwa kika sanar cewa da zuwa taro za a riƙa auna mutum, za ki ga ɗaki ya cika, a sa hannu a fice, taron tsintsiya ba shara. Zuwan da ya cancanci a rubuta shi ne wanda ke cin wa mutum lokaci ko kuɗi: wa ta zo da aka yi wa wata rasuwa, wa ta ba da gudummawa da kayan wata suka ƙone, wa ta tsaya aka sauke kaya aka raba.

Akwai waɗanda nake roƙon ki ware musu gefe tun kafin ki fara ƙirga, don ma'aunin wata uku zai zalunce su. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, ba ta fita kasuwa. Mai jego, mai jinyar uwa a Bawku ko Yendi, wadda ta tafi aikin Hajji, duk takarda za ta nuna su kamar sun bar ku, alhali ba su bar ku ba. Ki rubuta uzurin kowace a gaban sunanta. Ƙungiyar da ta cire mace tana cikin takaba saboda sidi 80 ta yi asarar abin da ya fi ribar mota goma, kuma sauran matan suna kallo, kowace ta san ranarta na iya zuwa.

Maganar sarin kuma ma'auninta daban ne, kuɗin wata ba zai gaya miki komai a kanta ba. Mai iya biyan sidi 20 ba lallai ta iya fitar da kuɗin buhu biyar a tashi ɗaya ba. A nan kafin alƙalami ne kawai shaida. Ku sa rana, mako biyu masu zuwa, kowa ta faɗi buhu nawa take so ta ajiye rabin kuɗinsu. Abin da ya taru a ranar shi ne girman sarinku. In bai wuce rabin mota ba, ku nemi wasu 'yan kasuwa ku haɗa mota, ko ku fara da ƙarama. Kada ki taɓa asusun ƙungiya, balle kuɗin aljihunki, don cike gurbin wadda ta ce gobe za ta kawo. Kada kuma ku ja lokaci tsakanin tara kuɗi da saye. Duk wanda ya yi kasuwa a 2022, da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, ya san yadda kuɗin buhu goma ke komawa na takwas kafin a gama shawara.

Idan kuɗin sun taru, ki duba daga hannun mutum nawa suka fito. In mata biyar ne suka kawo rabi, to ki sani ranar da biyu suka janye sarin ya tsaya, gara ki zauna da su tun yanzu ki ji har zuwa yaushe za su iya ɗorewa.

Ku buɗe wa ƙungiya layin MoMo nata na kanta, kada a ci gaba da turawa wayar ma'aji kuɗinta na gauraya da naku. Kowane biya zai zo da sunansa da ranarsa, kuma harajin tura kuɗi ta waya, wato E-Levy, da mutane ke kafa hujja da shi an soke shi tun Afrilun 2025. Kuɗin sari kuwa a ajiye su a banki mai lasisi, da sa hannun mutum biyu ko uku. Ba a manta da kamfanonin ƙananan rance 347 da Babban Banki ya ƙwace wa lasisi a Mayun 2019 ba.

Saura waɗanda suka yi shiru, kuma a nan ne tsoronki na ɓata rai yake. Kada ki kira su gaban jama'a. Ki aika wa kowace da wadda suka fi shaƙuwa, ta je ta gaishe ta, ta ji abin da ke ciki. Wata ta bar hatsi ta koma wata sana'a, wata ta yi ƙaura, wata magana aka faɗa mata ta riƙe. Da yawa kuma kunyar bashi ce ta kore su: wata takwas ya zama sidi 160, ba ta da shi a dunƙule, sai ta daina bi ta layin rumfarki. Irin wannan ku yafe mata wani abu, ko ku bar ta ta fara sabon lissafi tana rage tsohon kaɗan-kaɗan.

Shawarata kada a goge sunan kowa. Ku riƙe littafi biyu. Na zumunci yana ɗauke da duka 140, duk wadda abu ya samu za a je mata. Na kasuwanci kuwa na waɗanda suka biya wata ukun ƙarshe ne da masu uzuri, su ne ke da baki a kan kuɗi, su ne ke shiga sari da rance. Ki kai wannan ƙa'ida taro a amince da ita kafin kowa ta san gefen da ta faɗa, a kuma bar ƙofa: duk wadda ta biya wata uku a jere ta dawo littafi na biyu. Bayan kowane wata uku ku sake ƙirga, sakatariya ta karanta adadi kawai a taro, sunayen kuma su tsaya tsakaninku ku uku.