Kawu ya ce in cire tafiye-tafiyen Kaka daga tarihinta

Anti barka da aiki, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni 'yar Zuru ce amma aiki ya kawo ni Birnin Kebbi. Kakata ta wajen uwa ta rasu bara, ta haura shekara 90, yanzu ana shirin sujadar tunawa da ita a coci sai dangi suka ce ni zan rubuta tarihinta da za a buga a ɗan littafin taro tunda a hannunta na tashi.

To Anti matar nan ba irin masu zaman gindin murhu ba ce. Tana budurwa aka yi mata miji, saurayin har ya yi nisa da golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata a al'adarmu, a gonar babanta, ita kuwa ta ce ba ta so, ta gudu wurin 'yan mishan, can ta koyi karatu aka yi mata baftisma. Daga baya ta auri kakana soja ta bi shi bariki bariki, Kaduna, Zariya, har Enugu. Ya rasu lokacin yaƙin basasa ya bar ta da yara biyar, sai ta kama fatauci, tana hawa bayan lori ta kai wake kudu ta dawo da manja da goro, ta kwana tasha, ta haye Kwara da kwale-kwale a Yauri, kuma duk inda ta sauka sai ta tara matan wurin a yi waƙa da addu'a. Da kuɗin nan ta sa su mamana makaranta. Ta daɗe tana shugabar Zumuntar Mata a cocinmu.

Na rubuta duka na tura wa Kawu, babban ɗanta, ta WhatsApp, sai ya kira ni yana ta faɗa wai in cire batun gudu da kwanan tasha, mutane za su ce uwarsa ta yi yawon duniya, in sa kawai mace ce mai haƙuri mai tsoron Allah. Ni kuma gani nake in na cire waɗannan to ba Kaka ba ce, ita da bakinta take ba mu labarin tana dariya. Mamana ta ce in bi babba. Ya zan yi?

Jikar Kaka, Birnin Kebbi

AMSA

'Yata sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Zabura 90 ta ce shekarunmu saba'in ne, in da ƙarfi tamanin, kin ga kakarku har gyara aka yi mata.

A batun fatauci ina bayanki. Mai haƙuri mai tsoron Allah, ai kusan kowace tsohuwa ta rasu haka ake rubutawa, har mutum ya rasa wa aka binne. Gwauruwar da ta hau lori don marayunta su yi boko ba abin ɓoyewa ba ce, macen kirki ta Karin Magana 31 ma daga nesa take kawo abincinta. Amma ki tuna lokacin da take kwana tasha Kawunki yaro ne a gida, kuma bakin mutane kin san shi, ƙila ya sha gori a kan uwarsa irin wanda ke da kika zo daga baya ba ki taɓa ji ba.

Batun golmo kuma daban ne, nan Kawu yana da gaskiya. Shekara bakwai ake noman nan, wani ya zuba guminsa ya tashi a tutar babu, kuma Zuru ba Legas ba ce, jikokinsa na iya zama a benci ɗaya da ku ranar. A littafin taro layi ɗaya ya isa, cewa ta zaɓi bin Yesu tun tana budurwa ta kuma sha wuya a kai. Cikakken labarin ki rubuta shi daban don 'yan gida.

Ki bar WhatsApp ɗin nan, ba a shawo kan babba ta waya. Ki je gida ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce Kawu kai ka gani da ido, ba ni labarin ranar da take dawowa daga tafiya. In bakinsa ya shiga rubutun da wuya ya ce a goge. In ya cije ki nemi matar fasto ko wata tsohuwa a Zumunta da yake jin nauyinta ta raka ki.

Tsofaffin nan kuma ki ɗauki muryarsu a waya tun suna nan. Ba za su ba ki shekara ba, ke za ki lissafa, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970 ne, an bar fam da sule an koma naira a 1973, jihar Kebbi 1991, sai ki tambaya kafin naira ne ko bayanta. Ki duba Littafi Mai Tsarki nata ma, mutanen da sukan rubuta ranakun haihuwa da baftisma a shafin farko, ki ɗauki hotonsa kafin a raba kayanta.