Robobi da kwalabe sun cika mini kicin: wanne zan riƙe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwandon sharar gidanmu ba ya kwana biyu bai cika ba, yawanci da robobi, gwangwanaye da leda. Na fara ajiye wasu don in sake amfani da su, sai ga kicin ya cika maƙil. Wanne ya kamata in riƙe, kuma akwai haɗari a zuba abinci a cikinsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ma'aunina guda ne: ki riƙe abin da zai hana ki sayen sabo. Robobin da aka jibge a lungu ba su da aikin yi, shara ce da ba a kai ga fitarwa ba.

Kwalba ce kan gaba. Ba ta riƙe wari, ba ta sakin komai cikin abinci, ana kuma iya tafasa ta, muddin an sa ta tun ruwan yana da sanyi don kada ta fashe. Murfin ƙarfen ne ke fara tsatsa, shi za ki riƙa dubawa.

Roba kuwa sai an yi hattara. Ki juya gindinta, za ki ga lamba daga 1 zuwa 7 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo. Siririya ce, ruwan zafi yana lanƙwasa ta, idan ta ƙarje kuma datti yana maƙalewa a ciki. Lamba 2 da 5 sun fi ƙwari, ta 5 ma tana jure zafi. Lamba 3 da 6 ki nisanta su da abinci mai zafi.

Akwai waɗanda ba a ma tattauna su: jarkar maganin ƙwari, ta fetur, ta baƙin mai. Roba tana shan guba, wanki ba ya fitar da ita duka, don haka ruwan sha ko abinci ba sa shiga ciki ko an wanke sau nawa. Haka nan kada a zuba kananzir a gorar lemo, ta wannan hanya yara da yawa suka sha shi.

Gwangwani ya yi wa shuka ko ƙusoshi, amma ki huda gindinsa. Ruwan da ya kwanta kamar mako guda zuwa kwana 10 ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe. Tsofaffin tufafin auduga a yanka su zama tsumma.

Leda fa, maganinta ƙin karɓa: ki fita da jakarki. Kada ki dogara da cewa za a sake sarrafa ta, domin rahoton OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, na 2022 ya nuna kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Ƙona ta a gida kuma hayaƙi mai guba ne kawai za ku shaƙa.

Ba ki ambaci ragowar abinci ba, alhali nan nauyin yake. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2018 cewa kashi 44 cikin 100 na sharar duniya ragowar abinci ne da ganyaye. Ki samu tsohon bokiti mai murfi, ki huda shi, ki riƙa zuba ɓawo da ragowar ganye, kina haɗawa da busasshen ganye ko yagaggen kwali. Ban da nama da mai, su ke jawo wari da ɓeraye. Ki juya shi mako-mako, cikin 'yan watanni zai zama taki.