Don me injinanmu suke wuni a kwance?

Ɗana, ka ce ka kasa gane dalilin da za a zuba maƙudan kuɗi a kafa injinan gas masu samar da lantarki, sannan su wuni a kashe, ba a tayar da su sai rana ta take. A ganinka asara ce.

Lantarkin Saudiyya yana gudana ne a kan hertz 60, wato wutar tana kai da komo sau 60 a kowace daƙiƙa, kuma abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake ja a kowane lokaci. In jan ya rinjaya, lambar nan sai ta soma sauka, in ba a tare ta ba a yanke wa unguwanni wuta. To da bazara, tsakanin azahar da la'asar, kowane gida da kanti a Riyad da Jidda ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. Manyan tashoshin da ke dafa ruwa su yi tururi sai sun kwashe sa'o'i kafin su kankama. Namu kuwa, ko rabin sa'a ba ya cika ya soma ba da wuta.

Amma saurin nan da tsada yake zuwa. Hayaƙin da ke fita ta bututun can ya haura digiri 500, kuma iska yake bi. Abin da ke zama wuta daga ƙarfin gas ɗin bai fi kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari ba, alhali tashar da ke tare zafin ta juya wani injin tururi da shi tana kusantar kashi 60. Wa zai bar mai ci haka ya kwana yana aiki? Shi ya sa aka ƙara wa tashar PP10 ta Riyad tukwanen tururi daga baya.

Ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Ƙarfin da ke rubuce a jikin inji an auna shi ne a zafin digiri 15. Ranar da aka kai 45, iska ta yi sakayau, inji ba ya shaƙar isasshiya, ƙarfinsa ya ragu daidai lokacin da ake matuƙar bukatarsa. In ƙura ta toshe matatar iska kuma, an ƙara wa Borno dawaki. Sannan duk tayarwa ɗaya, fukafukan ciki suna buɗewa da zafi su tsuke da sanyi, tun ana ganin lafiya har tsaga ta bayyana. Don haka muke rubuta yawan tayarwa a littafi, ba sa'o'in aiki kaɗai ba.

Gobe da safe ka fara da matatar inji na biyu. Ka duba agogon da ke nuna bambancin matsin iska gaba da baya, ka rubuta, ka kawo mini kafin ƙarfe tara.