Tambayoyinku: Za mu hutu gida Damagaram, da me zan saka musu?

Salamu alaikum Gwaggo. Ni haifaffiyar unguwar Birni ce a Damagaram amma aure ya kai ni Yamai shekara 9 kenan. Bana in Allah ya yarda da an rufe lakwal zan kwaso yarana uku mu yi wata guda a gida. Kullum na zo sai na ciko jaka da atamfa da sabulu da turare na rarraba, amma in na koma sai in ji kamar ban yi komi ba, musamman ga matar yayana da ke ɗawainiya da Innarmu tun da ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Jikka ɗari na tara ban da kuɗin kar, wato motar bas. Dan Allah me zan yi da zai nuna na gode da gaske, yara ma su koyi wani abu?
Maman yara, Yamai

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba Inna lafiya, ya kawo ku lafiya dan hanyar nan kusan kilomita 900 da yara uku ba wasa ba ce.

Bari in fara da abin da ba ki tambaya ba. Ku huɗu za ku sauka gidan nan, baki huɗu kenan aka ƙara a tukunya, kuma kin san hutun 'yan lakwal a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, tiyar gero ta fi kowane lokaci tsada. Wallahi sau da yawa mu da ke zuwa hutu nauyi muke zama ba mu sani ba, masu gida kuma kunya ba za ta bar su su faɗa ba, sai dai ki ji ana "ai ba komi, gidanku ne". To kashegarin saukarki ki ja yayanki ku shiga Kasuwar Dole, buhun gero ko na masara, mai, su magi da gishiri, a aje a ɗaki tun kafin a fara auna muku daga nasu. Sai ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, su Gogo Machaya da Arungoza da Ganaram, ko da damina an ɗan samu sauƙi kar ki bari kuɗin ɗan garuwa ko na famfo ya fito daga aljihunsu muddin kuna nan. Ni na taɓa kai yara gida, da asuba na leƙo na tarar da matar ƙanena tsaye tana ƙirga bidon tana girgiza su ɗaya ɗaya, ashe nawa sun yi wanka sau biyu biyu da ruwan girki, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Yanzu ga maganar matar yayanki, wadda ita ce ta fi damunki kuma gaskiyarki. Matar da ke tashi tsakar dare ta kai tsohuwa bayi, ta wanke mata zane, ta dama mata kunu, atamfa za ta karɓa ta yi godiya amma abin da ta rasa hutu ne. Ki karɓe mata Inna ɗungurungum na watan nan, ki kwana ɗakinta, ke za ki yi mata wanka ki shafa mata magani ki kai ta likita, ita kuma ki ce ta je gidan iyayenta ta yi ko kwana huɗu ne, ki biya mata kuɗin mota. Kuma ki buɗe baki ki gode mata a gaban yayanki da Inna, ki lissafa abin da take yi, mu Hausawa muna da nauyin baki wurin nan sai dai a bayan mutum a yabe shi. Ai hadisi ne, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Yaran kuwa kar ki bar su kwance da waya. Ki ɗauki rana ku zaga gaisuwa, aminan mahaifinki, malamin da ya koya miki allo, tsofaffin unguwa, yaron ya durƙusa ya miƙa goro da hannunsa. Ki bi da su ta ƙofar fada ki faɗa musu garin uwarsu shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a maida Yamai, su daina yi masa kallon ƙauye. Ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace ce, kowa ya dasa dogon yaro ɗaya, amma fa a kewaye da ƙaya in ba haka ba kafin ku kai tasha awaki sun gama da shi. Kafin komawa lakwal a Oktoba su sayo wa 'ya'yan kawunsu kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, su zaɓo da kansu.

In lafiyarki ƙalau kuma ba ki da ciki ba ki shayarwa, ki je ki ba da jini, damina ce lokacin da masassarar cizon sauro ke kwantar da yara jininsu ya ƙare, wannan ko dala ba zai ci miki ba.

Dan Allah ban da hoto. Kar in ga buhun geron nan a status na WhatsApp, gidanku ne ba sansanin agaji ba.

Tsarabar atamfa ki rage ta bana, mai ƙorafi zai yi ko me kika kawo. Abin da ya saura cikin jikka ɗarin ki ƙulle, daren da za ku tafi ki shiga ɗakin matar yayanki ku biyu kawai ki damƙa mata a hannu, ki ce nata ne ba na cefane ba, kar ki bi ta hannun yayanki dan kin san inda zai ƙare.