Amsa ga ɗan'uwanmu mai Peugeot: kada ka bari a ɗaga wa keken nan guduma

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun daren jiya da na ga tambayarka raina bai kwanta ba. Ka ce ka samo tsohon keken Peugeot, ƙirar Faransa, na doguwar tafiya a hannun 'yan gwanjo a Maraɗi, kofin tsakiya, wanda ke riƙe boris ɗin sandar feda, ya ƙi kwancewa, mai gyara ya ce a sa masa wuta a fasa a saka wani, kana tambaya ko ka yarda ko ka sayar ka nemi ɗan Japan. Don Allah yau ɗin nan ka je ka ɗauko kekenka daga rumfar nan, ko turo shi za ka yi da ƙafa. Abin da ya same ni ke nan, babu bambanci.

Nawa na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Farin Peugeot ne mai tambarin zaki a goshi, a Damagaram ya saye shi cikin shekarun 1970. Bayan rasuwarsa ya shekara goma sha a rataye a zaure. Da na sauko da shi, fentinsa na nan, madigadi da kariya duk na asali, ƙara kawai yake yi a tsakiya in an taka feda. Giris ne ya bushe, shi ke nan ciwonsa. Na kai wa wani mai gyara da muka daɗe da sanin juna, na ce masa, "Malam, wanke boris kawai za ka yi ka sa giris." Ya ce in je in dawo bayan la'asar.

Kofin ɓangaren kaca na keken Faransa kamar kowane noti yake, hagu ake juya shi ya kwance. Na Raleigh da Phoenix da ya saba da su kuwa dama ake juyawa. Shi sai ya yi ta bugawa dama, yana ƙara ɗaure shi yana zaton tsatsa ce. Da ya ƙi, sai ya kai wa mai walda, suka gasa wurin har fenti ya ƙone ya yi baƙi, suka fasa kofin da kurfi. Sannan ya ɗauko kofin Ingila ya tura da ƙarfin tsiya. Na Faransa milimita 35 ne, tazarar tiredinsa, wato zaren da ake murɗa shi a kai, milimita 1. Na Ingila ya ɗan fi shi ƙanƙanta, tiredi 24 a inci guda, kuma tiredin na ɓangaren kaca ma juyin hagu ne, wato hagu ake juya shi ya ɗaure. Ta ina za su haɗu? Ya cinye tiredin bodin tas, da ya ga kofin na rawa sai ya ɗiga masa walda wuri uku.

Da na dawo na gani, wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Abin da ya fi ƙona min rai, ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Ai ga shi yana juyawa, me kuma kake so?" Na tambaye shi ina tsohon kofin da sandar tsakiyar, ya ce yaronsa ya zuba cikin kayan gwangwan, an riga an tafi da su. Har kuɗin aiki ya karɓa cif, ya ƙara da na mai walda. Mutumin nan ya san mahaifina, ya sha ganinsa a kan keken nan zai tafi masallacin Juma'a. Da ya ce min bai san kan irin wannan ba, da na gode masa na tafi. Rashin sani ba laifi ba ne, amma a ce mutum ya ga abu ya ƙi, maimakon ya tsaya ya yi tambaya sai ya ƙara girman guduma? Shekara shida ke nan, har yau in na bi ta layin nan sai na ji abin ya taso min. Mahaifiyata da ta ga ƙunar, shafa wurin kawai ta yi da hannu ta koma ɗaki.

To, kai naka bai kai nan ba tukuna. Ka jiƙa kofin da kananzir da bakin mai, ta ciki da waje, kwana uku ko huɗu. Ka goge fuskarsa ka duba, wani lokaci za ka ga an buga 35x1 a jiki. Amma ka kula, akwai tiredin Suwizalan, shi ma 35x1 ne sai dai ɓangaren kaca juyin hagu, kamfanin keken Faransa na Motobécane sun yi amfani da shi, Peugeot ma sun sauya tsari a shekarun 1980. Saboda haka sai an san zamanin keken kafin a juya komai. In ma kofin bai lalace ba, ka bar shi a inda yake. Ka kwance na hagu kaɗai, ka wanke ta nan, ka zuba sabon boris da giris.

Kuma duk abin da aka cire, ko washa ce ko ƙaramin noti, ka sa a leda ka tafi da shi gida. Kada ka bar komai a rumfa. Feda ma haka take: in ka ga D da G a jikinta maimakon R da L, ta Faransa ce, 14 x 1.25, ta kasuwa ba za ta shiga ba sai an sake yanka tiredin hannun fedar. Kotafin keken Faransa, wato ƙusar da ke kulle hannun feda, milimita 9 ne, na Raleigh 9.5. Wuyan keken, wanda ke riƙe kan keken, kaurinsa milimita 22.0 ne, na sauran 22.2, wannan kam da samfefa da haƙuri za ka rage shi ya shiga. In wuyan kekenka ƙirar kamfanin AVA ne, ciro shi ka duba tsagin ƙasa da kyau, an san su da tsagewa, kuma a kan gudu suke karyewa.

Maganar fenti, ko da ba ka tambaya ba, kada ka yarda a fesa masa sabo. Na ga wani keken Faransa ƙirar Gitane da aka yi wa fentin babur mai ƙyalli aka shafe rubutunsa duka, raina ya ɓaci kamar nawa ne. Sabulu da tsumma da ɗan man goge mota sun isa. Birkinka in Mafac ne ka riƙe shi, robar kawai za ka sauya. Giyar Simplex mai baƙar roba ita ce ba ta da amana in ta tsufa, musamman ta gaba, a wurin maɗaurinta take tsagewa, zafin ƙasarmu kuma ba ya raga mata. Ni SunTour na sa a madadinta, na adana tsohuwar a gwangwani. Taya kuma ka karanta lambar da ke gefenta kafin ka je kasuwa: 584 ita ce 650B, 622 ita ce 700C, 630 ita ce inci 27. Mai shago zai miƙo maka mai 590 ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Batun ɗan Japan, gaskiya ya fi sauƙin zama. Ina da Miyata, tiredin tsakiyarsa irin na Ingila ne, kusan duk abin da ya lalace ina samu a nan Kano. Giyar SunTour tun daga ƙirar da suka yi wa rajista a 1964 ta fi ta Faransa shiga sumul, wannan ba gardama. In hawan yau da kullum kake so, ka nemi Miyata ko Fuji ko Bridgestone. Amma ba dalili ba ne na rabuwa da Peugeot ɗinka a kan kofi guda.

Nawa dai daga baya wani mai injin yankan ƙarfe ya goge waldar a hankali, na yi odar kofin tsakiya irin wanda ba ya buƙatar tiredi, mai matse kansa daga ɓangarorin biyu. Wata biyu na jira shi. Keken yana tafiya yanzu, ƙunar kuma na bar ta yadda take. Ka ɗauki hoton kofin ta ɓangaren kaca, da tambarin goshi, da rubutun jikin bodi ka turo nan, mu duba zamaninsa tare. Ina da sifanar da ke kama irin kofin nan, in kana da mai zuwa Kano sai in ba shi ya kai maka.