Firizata ta daina sanyi wata biyu bayan ƙarewar garanti, shin ina da sauran haƙƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi firiza sabuwa fil a kwali, aka ba ni rasit da katin garanti na shekara ɗaya. Amfanin gida kawai nake yi da ita: nama, kayan miya da ruwan sanyi. Yau watanta 14, ta daina sanyi. Sai in ji ta ɗan yi gurnani, ta ce "ƙas", ta yi shiru, bayan 'yan mintuna ta maimaita. Na koma wajen mai shago ya ce garanti ya ƙare, babu ruwansa, har ya nuna mini inda aka rubuta a rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Shi ke nan na yi asara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ki yi asara ba tukuna. Amma ina roƙonki, kada ki bari wani mai gyara ya yanke bututu ko ya ɗura gas kafin ki gama karanta wannan, domin hujjarki tana cikin firizar nan, kuma wutar walda tana iya shafe ta.

Garanti alkawari ne da kamfani ya ɗauka don raɗin kansa, shi ya yanka masa wa'adi. Haƙƙin da doka ta ba mai saye dabam yake, ba a katin garanti yake zaune ba. Dokar da ta shafe ki ita ce Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda za su yi aiki su kuma jure na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka, gwargwadon irin aikin da aka saba yi da su. Dokar ba ta faɗi adadin shekaru ba, ta bar shi ga yanayin kayan. Butar dafa ruwa mai araha da firiza ba ɗaya ba ne. A ganina babu mai hankalin da zai zuba kuɗin firiza da niyyar ta yi masa wata 14 ta mutu. Rubutun nan na rasit kuma bai isa ya soke haƙƙin da doka ta ba ki ba. Sashe na 129 ya hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙinsa.

Sai dai in gaya miki gaskiya game da iyakar abin. Damar mayar da kaya kai tsaye a gyara, ko a canza, ko a biya kuɗi, wadda sashe na 132 ya tanada, ta wata 3 ce daga ranar da aka miƙa kayan. Wannan ta wuce ki. Abin da ya rage shi ne da'awar cewa firizar ba ta jure yadda ya kamata ba saboda aibin da ta zo da shi. Abin da ya dace ki sa rai a kai shi ne gyara kyauta, ko su ba da kayan gyara ke ki biya kuɗin aiki. Samun sabuwa ko cikakken kuɗi bayan an mori abu fiye da shekara yana da wuya.

Kafin a kai ga doka ma, ɗauko katin garantin ki sake karanta shi a tsanake. Kamfanoni da yawa suna raba garanti gida biyu: shekara ɗaya ko biyu ga jikin na'urar baki ɗaya, sai wa'adi mai tsawo ga kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ya sa firiza sanyi, ita kaɗai, wani shekara 5, wani har 10. Mai shago ba lallai ya tuna miki ba. Idan katinki haka yake kuma kwamfuresa ce ta lalace, to garantinki bai ƙare ba, kuma cibiyar gyara ta kamfanin za ki nufa. Nan ne hatsarin mai gyaran bakin titi yake: yawancin katunan sun ce da zarar wani wanda ba nasu ba ya buɗe injin, garanti ya faɗi.

Yanzu ga ƙarar da kika ji. Wannan "ƙas" ɗin ta wata 'yar na'urar kariya ce da ke manne a gefen kwamfuresa. Idan kwamfuresa ta yunƙura ta kasa tashi, tana jan wuta fiye da kima, ta yi zafi, sai na'urar ta katse wutar. In ta huce ta sake haɗawa. Abu uku ne suka fi jawo haka. Na farko ƙarancin wuta. An ƙera firizar don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, kuma idan ta sauka ƙasa da 180 ko kusa da haka, kwamfuresa da yawa ba sa iya tashi. A sa mita a soket a auna, ko a gwada ta da janareta mai ƙarfi. In ta tashi, firizarki lafiyarta ƙalau, sitabilaiza take bukata. Na biyu rilen da ke tayar da kwamfuresa, wanda ke cikin baƙin murfin roba a gefenta. Idan kin tabbata babu sauran garanti, a cire filogi, a zaro rilen a girgiza. Irin na zamani in ya ƙone za ki ji ɓarɓashi na kaɗawa a ciki, wani lokaci da ƙauri. Wannan gyara ne mai araha, na 'yan mintuna, babu yanka babu walda, kuma bai kai a yi shari'a a kansa ba.

Na uku ita kanta kwamfuresar. Tana da ƙafafu uku na ƙarfe inda rile ke shiga. Mai gyara ya auna juriyar waya tsakanin kowane biyu: awo biyu ƙanana in an haɗa su, su ba da na ukun. Idan wani awon ya nuna waya ta tsinke, ko aka sami haɗuwa tsakanin ƙafa da gangar jikin kwamfuresa, ta ƙone. Idan awo ya yi daidai, an sa sabon rile, wuta cikakkiya ce, amma har yanzu gurnani take ba ta juyawa, to ta cije daga ciki. Cijewa a wata 14 ta fi kama da aibin ƙira, musamman idan kina amfani da sitabilaiza tun farko.

Ga masu firizar da injinta ke aiki ba tsayawa amma babu sanyi, wannan yawanci yoyon gas ne, kuma wurin yoyon shi ke nuna mai laifi. Huji a bangon ciki inda aka ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa, laifin gida ne. Yoyo a mahaɗar walda ta masana'anta, ko a bututun da ke binne cikin bango inda hannu bai kai ba, ba na mai gida ba ne. Ɗura gas ba tare da an toshe hujin ba zubar da kuɗi ne, domin firiza ba ta cinye gas. Yawancin na yanzu gas mai suna R600a suke amfani da shi, mai kama wuta ne, kuma awonsa giram ne 'yan goma, an rubuta a takardar da ke manne a baya. Auna shi ake yi, ba a ɗura shi da ƙiyasi.

Wannan takardar ta baya tana da wani bayanin da mutanenmu ba su cika dubawa ba: ajin zafin da aka ƙera na'urar don shi. Harafin N iyakarsa digiri 32, ST 38, T kuwa 43. Duk wanda ya san Afrilu a Zariya ko Sakkwato ya san wanne ya dace da mu. Idan an sayar miki da mai N a matsayin wadda za ta yi aiki a nan, ki saka wannan cikin kokenki.

Abin da za ki yi shi ne ki fara ɗaukar bidiyon ƙarar, da hoton takardar baya mai lambar na'ura, da rasit da katin garanti. Ki kai ƙorafi cibiyar gyara ta kamfanin, ki nemi su ba ki sakamakon bincikensu a rubuce, ko da za ki biya kuɗin dubawa. Duk abin da aka cire a ba ki kayanki. Daga nan ki rubuta wa mai shago da kamfanin takarda ɗaya gajera: ranar saye, lambar na'ura, abin da ya lalace, sashe na 131, abin da kike nema, da wa'adin kwana 14. Ki sa a sa hannu a kwafinki, ko ki tura ta WhatsApp ki adana shaidar. Ba faɗa ba, ba zagi. Takarda mai sanyi ta fi ihu a bakin shago tasiri, kuma sau da yawa dattawan ƙungiyar kasuwa suna iya sasanta magana a wannan matakin.

Amsar da za su fara ba ki na san ta: wutar NEPA ce ta ƙona. Sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar idan aka yi zargin kaya na da aibi, don haka faɗa da baki bai wadatar ba, su nuna. Duk da haka ki shirya taki: rasit ɗin sitabilaiza, da shaidar cewa babu wani kayan wuta da ya ƙone a gidan ranar. In kuwa da gaske wuta ce ta zo da ƙarfi, ƙwayaye suka fashe, maƙwabta ma suka yi asara, to ƙorafinki na kamfanin rarraba wuta ne. A rubuta wa sashen kokensu. In kwana 15 na aiki suka wuce babu mafita, a ɗaukaka zuwa hukumar da ke kula da harkar lantarki.

Idan wa'adinki ya cika suka yi biris, sashe na 146 ya ba ki damar kai koke FCCPC, ta shafinta na intanet ko ofishinta, ki haɗa da duk takardun nan. Wasu jihohi, kamar Kano da Legas, suna da tasu hukumar kare masu saye. Ƙofar kotu ma a buɗe take, kuma dokokin jihohi suna ba da shekara 5 ko 6 ga ƙarar da ta shafi ciniki, amma ki auna kuɗin lauya da kuɗin kwamfuresa tukuna.

Akwai abu ɗaya da kika faɗa wanda ya ƙarfafa matsayinki: amfanin gida. Ma'anar "mai saye" a dokar ta cire wanda ya sayi kaya don ya sarrafa wasu kayan sayarwa da su, kuma katunan garanti da yawa sun ware amfanin kasuwanci. Mai yin ƙanƙara ko zoɓo na sayarwa za a iya ja da ita ta nan, don haka ta nemi firizar da aka ƙera don sana'a, a kuma rubuta hakan a rasit tun ranar saye. Ke kam ki rubuta a takardarki ƙarara cewa a gida take aiki. Kafin masu dubawa su zo, ki zare filogin, domin kowace "ƙas" ƙara gasa wayar kwamfuresa take yi.